Tagwaye a Ciki Ɗaya, Girma Daban-Daban

Ungozomar da ta daɗe tana karɓar haihuwa a ƙauyukan Wurno ko Rabah ta saba ganin haka: Hassan ya faɗo da ƙibarsa, Hussaini ya biyo baya ɗan firit. Sai ka ji mata suna cewa babban ya cinye wa ƙaramin abinci. Maganar da ƙamshin gaskiya, sai dai laifin ba na jariri ba ne, na mabiyiya ne.

Bambanci kaɗan ba abin damuwa ba ne. Likitoci kan cire nauyin ƙaramin daga na babban, su auna ragowar da nauyin babban. Idan ɗaya kilo 2.5 ne, ɗaya 1.9, tazarar ta kai kashi 24 cikin ɗari. Daga kashi 20 ake fara sa ido. Ta kai 25, hankali ya tashi.

Tagwayen da suka fito daga ƙwai biyu, waɗanda su suka fi yawa a Afirka ta Yamma, kowa da mabiyiyarsa. Ɗaya na iya ramewa don tasa ta kama wurin da jini bai wadata ba, ko don hawan jini ko zazzaɓin cizon sauro sun raunana ta. Masu kama ɗaya kuwa, na ƙwai guda, wajen biyu cikin uku mabiyiya guda suke rabawa, kuma a nan sarƙaƙiyar take.

Manomin rani a ƙasan madatsar ruwan Goronyo zai fi kowa ganewa. Fage biyu na albasa, magudana ɗaya: na bakin ruwa ya ƙoshi, na ƙarshe ya sami ɗigo. Haka rabon mabiyiya yake, wani ya kama yanki babba, wani cibiyarsa ta maƙale a gefe. Wani lokaci kuma jijiyoyin da suka haɗa su kan riƙa kwashe jinin ɗaya suna zuba wa ɗaya. Wannan na samun kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu mabiyiya guda, galibi tsakanin mako na 16 da na 26. Mai bayarwa sai fitsarinsa ya ragu, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe. Mai karɓa ma bai tsira ba, domin jini ya yi wa zuciyarsa yawa, ruwa kuma ya cika jakarsa. Uwa za ta ga cikinta ya kumbura cikin 'yan kwanaki, numfashi na yi mata wuya. Idan ɗaya ya mutu a ciki, ɗan'uwansa na iya binsa ko ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Tun 1988 wani likita a Amurka, Julian De Lia, ya fara ƙone waɗannan jijiyoyi da hasken lesa, amma aiki ne na manyan asibitoci ƙalilan.

Hannun ungozoma da igiyar awo ba sa gano tazarar girman tagwaye, domin tudun ciki suke aunawa gaba ɗaya, babba ya rufe ƙarami. Sai hoton sikanin. Lokacin da ya fi nuna ko mabiyiya ɗaya ce ko biyu shi ne mako na 11 zuwa 14, daidai lokacin da kunya ke sa mace ɓoye ciki, musamman na fari. Mai mabiyiya guda tana bukatar hoto duk mako biyu daga mako na 16, mai biyu kuwa duk mako huɗu daga na 20. Ga matar da ke ƙauyen Goronyo wannan kuɗin mota ne da izinin maigida, wani sa'in har zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ƙara cin tuwo ba ya gyara rabon mabiyiya, ko da yake maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa wurin awo suna da amfani. Abin da likita ke yi shi ne lura da gudun jini a cibiyar ƙaramin, ya zaɓi ranar haihuwa: a yi gaggawa a mai da babban bakwaini, a yi jinkiri a rasa ƙaramin. Ko komai lafiya, masu mabiyiya guda akan fito da su wajen mako na 36.