Kushewun Duwatsu na Ƙasar Zuru da Matsalar Sanin Shekarunsu

Manufar wannan takarda ita ce jawo hankalin malamai masu fita da ɗalibai ziyarar kufai zuwa ga wani kuskure da muke yawan yi, wato ɗaukar duk wani kabarin duwatsu da muka tarar a daji a kan cewa na mutanen da ne, waɗanda suka rayu tun kafin zuwan rubutu. Za mu kafa hujja da ƙasar Zuru, wadda Bena take cikinta.

A tsaunukan wannan ƙasa akwai tsofaffin kushewun Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna. Akan kewaye kabari da gajeren ginin duwatsu, a cike tsakiyarsa da ƙasa, sa'an nan a ɗora tukwane a bisa. Talaka tukunyar gida ake aza masa. Amma sarki, ko shahararren maharbi, ko ɗan kokawa, mata magina ne suke gina masa ta musamman, mai siffar mutum ko dabba. Ashe ke nan tukunyar ita ce rubutun kabarin, domin ita take bayyana matsayin mamacin.

To, sai dai fa lokacin da P. G. Harris ya yi rubutu a kan Dakarkari a 1938, al'adar tana raye. Saboda haka wasu kushewun ba su girmi kakanninmu ba. Shi kuwa dutse ba ya faɗin ranar da aka aza shi. In ya sha damina kaɗan, sabo da tsoho duk kamarsu ɗaya. Abin da yake ba da shekaru shi ne gawayi ko ƙashi da masana suka tono a mazauninsa, suka auna. Ko Durɓi Takusheyi ta ƙasar Katsina, wadda aka fara tonawa a 1907, sai bayan tonon 1992 awo ya nuna tsakanin ƙarni na 13 ko na 14 da ƙarni na 15 ko na 16.

Don haka, a ganinmu, aikin mai ziyara shi ne ya nemi izinin dattawa, tun da yake kushewun nan suna da masu su, ya auna, ya zana, ya tambayi sunan zuriyar da ke kwance a wurin. Kada ya ɗaga kome. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba, amma duk da haka tukwanen Dakarkari da yawa suna hannun dillalai a Turai da Amurka, ba a san kabarin da aka ɗauke su ba.