Giga 8 ko giga 16? Lissafin katin girafik ga mai cin albashin kamfani

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar katin girafik za mu yi, wato katin nan da ake soka wa kwamfuta domin ya riƙa zana hoton gem. Saƙonni sun taru a kan maganar, kuma da yawansu daga samarin da ke aiki a kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai suka fito. Wani yana ofis yana tsara zanen leda da kwali, wani yana kan inji, kowa ya shiga adashe yana so ya haɗa kwamfutar da zai yi gem da ita in ya tashi daga aiki. Tambayar duk ɗaya ce: an ce a YouTube kati mai giga 8 ya mutu, to mu da kuɗinmu bai kai na giga 16 ba, ya za mu yi?

Bai mutu ba. Amma ba kowane farashi ne ya dace da shi ba, kuma a nan ne maganar take.

Bari in fara da menene VRAM ɗin, tunda ita ake ta faɗa a kai. Kai da ke aiki a kamfanin roba a Sharada, ka san injin da ke buga buta da bokiti. Injin yana da nasa gudun. A gefensa kuma akwai ɗan fili inda ake jibge buhunan da za a yi aikin ranar da su, sauran kaya suna can sito. To, ƙwaƙwalwar katin ita ce injin, VRAM kuma ita ce filin nan na gefensa. In aikin yau buhu 6 yake buƙata, filinka kuma yana ɗaukar 16, guraben nan 10 da suka rage ba za su ƙara wa inji gudu ko kaɗan ba. Amma in aikin buhu 10 ne, filin kuma 8 yake ɗauka, to biyu suna sito, kuma duk lokacin da aka buƙace su sai inji ya tsaya lebura ya ruga ya ɗauko. Ka gane ko? Ƙarin memori ba ya ƙara gudu, amma ƙarancinta yana karya gudu.

Kuma sito yana da nisa, ba wasa ba. Katin RTX 4060 yana karanta memorinsa da gudun giga 272 a daƙiƙa ɗaya. In ta cika ya koma aro daga RAM ɗin kwamfuta, sai ya bi ta ramin da aka soka shi a jikin madabod, wanda bai wuce giga 16 a daƙiƙa ba. In kuma tsohuwar madabod ce mai PCIe 3.0, irin ta kwamfutocin ofis na hannu da yawancinmu ke saya, abin ya koma kamar giga 8. Shi ya sa za ka ga gem yana tafiya lafiya lau, kana juya kai kawai sai ya daskare na ɗan lokaci, ko bango ya koma kamar an shafe shi da laka.

Me ke cika ta? Babban mai cin wuri shi ne abin da ni nake kira fatar hoto. 'Yan Challawa ku kuka san fata. Duk abin da ka gani a gem, mutum ne ko mota ko gini, ƙwarangwal ne aka lulluɓe da hoto, kuma iya kyawun fatar iya nauyinta. Sai girman allo, domin 1440p ya fi 1080p ci, 4K kuma ba a magana. Sai fasahar bin sawun haske, sai kuma wadda katin ke ƙirƙiro ƙarin firem da kansa. Abin dariyar shi ne waɗannan biyun na ƙarshe su ne ake tallata sabbin katuna da su, kuma su ma memori suke ci.

Abin ya ta'azzara ne bayan fitowar PlayStation 5 a Nuwamban 2020, da memori giga 16 wadda na'urar da gem ke rabawa. Masu haɗa gem suka koma auna aikinsu da ita. A 2023 aka ga sakamako: Hogwarts Legacy a Fabrairu, The Last of Us Part I a Maris, duk suka wahalar da katuna masu giga 8 in an ɗaga saiti. Waɗanda suka sayi RTX 3070 a kan dala 499 a 2020 su suka fi jin haushi, domin katin yana da ƙarfi, wurin ajiya ne ya gaza. Inji lafiyayye, fili ƙarami.

Wani zai ce to me ya hana kamfani ya sa giga 10 ko 12 a huta? Akwai dalili na ƙira. Ana jera ƙwayoyin memori ne a kan hanyoyi, kowace ƙwaya tana cin bit 32. Kati mai hanyar bit 128 ƙwaya huɗu yake ɗauka, in kowace giga 2 ce, ka ga 8 ke nan. In ana so a ƙara, sai a manna wasu huɗu a bayan katin, ya zama 16. Mai bit 192 kuwa ƙwaya shida ne, giga 12. Wannan ne ya sa RTX 3060 na 2021, mai dala 329, ya zo da giga 12, ya fi yayansa 3070 memori. Amma kar a raina mana hankali, akwai kuma dalili na kasuwa. Tun 2016 AMD ta sayar da RX 480 mai giga 8 a kan dala 239. Shekara tara bayan nan, a 2025, Nvidia ta fito da RTX 5060 a kan dala 299, giga 8 dai har yanzu. A ganina katin da zai gaji da wuri ya fi kawo wa kamfani ciniki.

Yanzu mu zo gida, mu juya dala zuwa naira, domin a nan ne lissafinmu ya rabu da na mai bidiyo a Amurka. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, duk da a Wapa ta fi haka. Aka saki naira a Yunin shekarar, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mu ɗauki 1,500 a matsayin misali. Katin dala 299 ya zama naira 448,500, tun kafin kuɗin jirgi da kwastan da ribar mai shago. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta sanar a 2024 naira 71,000 ne. Wato mai irin wannan albashin sai ya ajiye na wata shida cur har da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, bai hau adaidaita ba.

To ga inda na tsaya. RTX 5060 Ti ya fito kala biyu, mai giga 8 a dala 379, mai giga 16 a dala 429. Haka RX 9060 XT na AMD, dala 299 da dala 349. Bambancin dala 50 ne a lokacin da suka fito, wato kamar naira 75,000, albashin wata guda na wani. Na san da zafi. Amma in har ka iya tara kuɗin na farkon, wallahi ka daure ka ƙara wata biyu ka ɗauki mai 16. Bature zai iya canza kati bayan shekara biyu, kai kuwa shekara biyar ko shida za ka yi da shi, kuma ranar da ka tashi sayarwa, tambayar farko da mai saye zai yi ita ce giga nawa ne. Memorin kati kuma ba kamar RAM ba ce da za ka je Beirut Road a ƙara maka sanda ɗaya, a like take. Akwai ma Intel Arc B580 da ya fito a Disamban 2024 da giga 12 a dala 249, sai dai shi yana son sabuwar kwamfuta, a kan tsohuwa ba ya nuna ƙarfinsa.

Amma mutum nawa ne a cikinmu ke sayen sabo? Gaskiya yawanci na hannu ne. Kuma in abin da kake bugawa eFootball ne, ko EA FC, ko GTA V, ko Valorant, a kan allon 1080p, to giga 8 ta ishe ka har ta yi saura. Ko a manyan gem ɗin, sauke fatar hoto daga Ultra zuwa High ko Medium yakan kashe matsalar, kuma a allo mai inci 22 ko 24 sai ka ƙura ido kafin ka ga bambanci. Giga 8 a farashin gwanjo ciniki ne mai kyau. Abin da ba na so shi ne a biya ta da farashin sabo fil.

Kasuwar na hannun kuwa tana da ramuka, bari in daɗe a nan kaɗan. Na farko shi ne katin da ke da giga da yawa amma babu inji. Za a nuna maka GT 730 an rubuta giga 4 ɓaro-ɓaro a kwali. Malam, wannan fili ne mai faɗi a gefen injin markaɗe. Tsohon kati mai giga 2 na kirki zai iya yi masa fintinkau. Sai kuma suna ɗaya kaya biyu: RTX 3060 akwai mai giga 12, akwai mai giga 8 da aka fitar a ƙarshen 2022, kuma na biyun ba memori kawai aka rage masa ba, har hanyar an matse daga bit 192 zuwa 128. GTX 1060 ma haka, mai giga 3 an rage masa ƙarfin inji a kan mai giga 6. Wannan wasan ba yau aka fara ba. GTX 970 na 2014 an sayar da shi a matsayin giga 4, daga baya aka gano 3.5 ce mai gudu, rabin gigar da ta rage a hankali take tafiya. Sai da aka je kotu a Amurka, a 2016 Nvidia ta amince ta biya kowane mai saye dala 30.

Sai katunan haƙar kirifto. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, katuna masu ɗimbin yawa suka zubo kasuwar duniya, musamman RX 580 mai giga 8. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu sun yi shekaru suna aiki dare da rana, an wanke su an sa musu sabuwar riga. Akwai kuma na jabu tsagwaronsu, tsohon kati da aka sauya wa suna a ciki, kwamfuta ta nuna maka GTX 1050 Ti alhali ba shi ba ne.

Saura wuta, wadda mai bidiyon waje ba ya ma tunawa da ita. RX 580 yana jan wat 185, RTX 3060 wat 170, RTX 4060 kuma wat 115. In kana kan layin Band A, kamar yadda masu masana'antu da yawa suka tsinci kansu lokacin da aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, bari mu lissafa: bambancin wat 70, awa huɗu kullum, wata guda, yunit 8.4 ke nan, bai kai naira 2,000 ba. Ka ga a mita ba wani abin tashin hankali ba ne. A kan inbata ne yake ciwo. Batir mai 200Ah da bolt 12, in ba ka so ka kashe shi da wuri, kusan rabinsa kake ja, wajen wat 1,200 na awa ɗaya. Kwamfutar da ke jan 300 gaba ɗaya za ta ba ka kamar awa huɗu, mai jan 230 ta haura biyar. Wanda ya ga duhun Oktoban 2024, lokacin da Kano da yawancin Arewa suka yi kwanaki ba wuta, ya san darajar awa guda. Saboda haka ga mai sola, sabon kati mai giga 8 marar cin wuta zai iya fin tsoho mai giga 12 amfani. In kuma Dell ko HP ta ofis ce gare ka, ƙaramin akwati, duba akwatin wutarta tukuna, domin da yawansu ba su da wayar da ake jona wa babban kati. Irinsu sai GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6, waɗanda ramin madabod kaɗai ke ciyar da su.

Ku masu zane a ofisoshin kamfani, CorelDraw da Photoshop na lakabin kwalba ba sa buƙatar giga 16, kar wani ya tsorata ku. Amma in kana shiga Blender, ko tace bidiyon 4K, ko kana so ka gwada ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutarka, nan memori ta zama wajibi, domin wani aikin in bai shiga ba, ƙin tashi zai yi gaba ɗaya. A nan RTX 3060 mai giga 12 na hannu har yanzu yana da kasuwa.

Ranar da za ka biya kuɗi, kar ka yarda da kwali, kar ka yarda da hoton WhatsApp. A soka katin a gabanka. Ka buɗe GPU-Z ka duba sunan, yawan memorin, da faɗin hanyar, manhajar ma takan rubuta gargaɗi in ta gano na jabu ne. A kunna gem mai nauyi ya yi minti 20 zuwa 30, ka sa ido a kan zafi, ka saurari fanka. In ka ga ɗigo-ɗigon kala ko layuka suna walƙiya a allo, sau da yawa memorin ce ta fara lalacewa, mayar masa da kayansa. Ka kuma nemi ko da kwana uku ne na gwaji a rubuce. In ya zo gida, ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka riƙa hure ƙura, musamman da hunturu, ballantana ku da ke zaune kusa da titunan da tireloli ke bi.

Mako mai zuwa za mu taɓa maganar inbata da batir ɗin da ya dace da kwamfutar gem. Ku turo tambayoyinku, kowa ya faɗi katin da yake amfani da shi da gem ɗin da yake bugawa. Sai mun haɗu, a huta lafiya.