Naɗi ko Gasar Fili: Wa Zai Ɗauki Tutar Saudiyya a Fagen Waƙa?

A daren 20 ga Satumba, 2025, aka yi gasar waƙa ta Intervision a wani katafaren zaure da ke bayan garin Mosko. Rasha ce ta farfaɗo da ita bayan an hana ta shiga Eurovision a 2022 saboda yaƙin Yukren. Ƙasashe fiye da 20 suka aiko da mawaƙa, ɗan Biyetnam mai suna Duc Phuc ya lashe, Kirgistan ta zo ta biyu, Katar ta uku. Saudiyya ta tura wata matashiya, Zena Emad, kuma kafin taro ya watse aka shelanta cewa ƙasar ce za ta karɓi baƙuncin gasar a 2026.

Wanda ya san Jidda shekara goma baya zai jinjina wannan labari. Sai a watan Janairun 2017 mawaƙi Muhammad Abdu ya sake hawa dandamali a birnin bayan shekaru ana rufe da ƙofar irin wannan taro, kuma sai a 2020 aka kafa Hukumar Kiɗa a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu. Na sani a unguwar Hindawiyya ta Jidda akwai dattawa da malamai da ba su yi maraba da sauyin ba, kuma ba na raina hujjarsu. Amma tunda an riga an shiga, akwai tambayar da ta shafe mu: ta wace hanya ake fitar da wanda zai tsaya da sunan ƙasa? Hanya biyu duniya ta sani. Ko dai hukuma ta zauna ta naɗa mutum, kamar yadda aka fitar da Zena Emad ba tare da an yi gasar share fage a bainar jama'a ba, ko kuwa a buɗe fili, kowa ya gwada muryarsa, a tace har a sami gwani.

Naɗi yana da ƙarfinsa, kuma bai kamata a yi masa rowar yabo ba. Ƙasar Holan naɗa Duncan Laurence ta yi, ya ciwo mata Eurovision a 2019. Haka Suwizalan ta yi da Nemo a 2024, haka Ostiriya ta yi da JJ a 2025. Dalilin a fili yake: kwamiti yana da sarari ya haɗa murya da waƙar da ta dace da ita, ya kashe watanni yana gyaran kiɗa da tsarin dandamali, babu hayaniyar masu ƙuri'a a kansa. Ga Saudiyya kuma akwai ƙarin uzuri. Sabuwar shiga ce, makarantun kiɗanta jiya-jiya aka buɗe su, kuma a Intervision alƙalai kaɗai ke ba da maki, babu ƙuri'ar masu kallo. Wanda zai tsaya a gaban ƙwararru, ba laifi ba ne ƙwararru su zaɓe shi.

Aibin naɗi ba ya bayyana sai ka tsaya a wuri irin Hindawiyya ka dube shi. Wannan unguwa, da maƙwabtanta irin su Sabil da Kandara da Karantina da Gulail, ta kasance matattarar jikokin alhazan da suka taso daga ƙasar Hausa da Barno da ƙafa, suka ratsa Cadi da Sudan, suna noma da ƙwadago a hanya, suka ƙetaro Bahar Maliya ta Sawakin, wasu bayan shekaru da barin gida. Sun zo da harshensu da tsirensu, sun kuma zo da kiɗa. Rawar mizmar ta Hijaz, wadda ake yi da sanduna da ganguna da tafi, wadda UNESCO ta sa cikin kundin al'adun duniya a 2016, a irin waɗannan unguwanni take da gindi, kuma duk Bahaushen da ya ji amon gangunanta zai ji wani abu na gida a ciki. A ɓangaren mata kuwa, zabiyoyin biki da suka riƙe waƙa a shekarun da babu dandamali, da yawansu 'ya'yan waɗannan gidaje ne. Kwamitin da ke zaune a Riyad ba ƙin su yake yi ba. Bai san da su ba ne. Yana zaɓe daga cikin waɗanda suka riga suka fito a talabijin, ko suke da kamfanin da ke tallata su, ko suka yi karatun kiɗa a waje. Yarinyar da muryarta ke sa mata kuka a zauren biki a kudancin Jidda ba ta cikin wannan jeri, kuma babu takardar da za ta cika ta shiga.

Tarihin Itab ya isa shaida. Wannan baiwar Allah, wadda sunan danginta Hausawi, an haife ta a 1947, ta fara da waƙar biki, ta zama ɗaya daga cikin matan Saudiyya na farko da muryarsu ta zagaya ƙasashen Larabawa. Amma sai da ta koma Masar da zama sannan ta sami fagen da ya yi daidai da baiwarta, kuma a Alƙahira ta rasu a 2007. Zamaninta babu naɗi babu gasa ga mace, wannan gaskiya ne. Abin da nake nunawa shi ne inda irin wannan murya ke tsirowa: a gidan biki, nesa da idon hukuma. Dubi kuma ƙwallon ƙafa, inda akwai tsani tun daga filin unguwa zuwa ƙananan ƙungiyoyi har zuwa Ittihad da Ahli da Wahda. A tawagar da Saudiyya ta kai gasar cin kofin duniya ta 2018 akwai Hausawi har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, kuma Usama ne kyaftin. Ba alfarma aka yi musu ba, fili aka buɗe aka ga ƙafarsu.

Gasar fili kuwa, babu inda ta kai Suwidin ƙwarewa. Gasarsu ta Melodifestivalen tun 1959 ake yin ta, kuma daga 2002 aka mayar da ita zagaye-zagaye, ana yawo da ita gari-gari tsawon makonni kafin a yi ta ƙarshe a yankin Istokhom. Sau 7 ƙasar ta ci Eurovision, ita da Ayalan ke kan gaba. Biyu daga cikin waɗannan nasarori, 2012 da 2023, Loreen ce ta kawo su, 'yar wasu Barbarawan Maroko da suka yi ƙaura. A 2021 kuma wanda ya ci gasar cikin gidan, Tusse, yaro ne da aka haifa a Kwango, ya shigo ƙasar yana ɗan gudun hijira. Wace hukuma ce za ta zauna ta ce ga wanda zai wakilce mu, ta nuna wannan yaro? Mai yiwuwa ne, amma da wuya. Jama'a ne suka ji shi suka ce shi suke so.

Sai dai kada a ɗauka ƙuri'ar jama'a kullum tana tare da ɗan baƙo. A gasar Sanremo ta Italiya a 2019, masu kallo wani mawaƙi mai suna Ultimo suka fi ba ƙuri'a da tazara mai yawa. Alƙalai da 'yan jarida ne suka ɗaga Mahmood, wanda mahaifinsa ɗan Masar ne, har wasu 'yan siyasa suka yi ta ƙorafi, shi kuwa ya je Eurovision ya zo na biyu. Ƙuri'ar waya tana bin wanda ya riga ya yi suna, tana bin ƙabila da yanki, tana kuma bin aljihu, domin wanda danginsa ke da kuɗin aika saƙo ɗari ba daidai yake da ɗan mai sayar da tsire ba. A ƙasar da har yau wasu ke tambayar asalin mutum kafin su ba shi aure, wannan ba ƙaramin abin tsoro ba ne.

Duk da haka, in aka ɗora su a sikeli, ni gasar fili nake goyon baya, da sharaɗin a raba maki tsakanin alƙalai da jama'a, kuma a faro ta daga ƙasa. Naɗi na iya ciwo kofi, amma abin da yake bari a gida kaɗan ne: mutum ɗaya ya tafi ya dawo. Gasar fili ko an sha kaye a waje, ta riga ta fito da mawaƙa goma da marubuta waƙa da makaɗa da ba a san su ba. Mu Hausawa ba baƙin wannan tsari ba ne. Ba ina haɗa Alƙur'ani mai girma da waƙa ba, Allah Ya kiyaye, tsarin zaɓen kawai nake nufi: musabaƙar da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shiryawa tun 1986 tana farawa daga ƙaramar hukuma, ta hau jiha, ta kai ƙasa, kuma ta haka ɗan ƙauye ke tsintar kansa a Makka a gasar Sarki Abdul'aziz. A Nijar ma gasar Ɗan Gurmu ta Tawa ta fito da makaɗa daga jihohi. Saudiyya kanta ta gwada: shirin Saudi Idol da tashar MBC ta nuna daga ƙarshen 2022, wanda Hams Fikri ta lashe, ya tabbatar cewa akwai masu fitowa kuma akwai masu kallo. Abin da ya rage shi ne a ɗaure irin wannan gasa da kujerar wakilcin ƙasa, a kai zagayen farko Jidda da Abha da Dammam da Jizan.

Akwai waɗanda ko wannan ba zai kai gare su ba. Hausawan Jidda kashi biyu ne: masu takardar zama 'yan ƙasa, da waɗanda a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, amma har yau da iƙama suke zaune, wasu ma babu ita. Rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda a 2022, wanda ya taɓa Hindawiyya, ya warwatsa da yawansu, kuma da su aka watse da zaurukan da ake koyon kiɗa kunne da kunne. Waɗannan ba za su ɗauki tutar Saudiyya ba, ko naɗi aka yi ko gasa. Tutar kakanninsu ma ba ta je Mosko ba, domin cikin ƙasashen Afirka da suka halarta akwai Masar da Habasha da Kenya da Madagaska da Afirka ta Kudu, amma babu Nijeriya, babu Nijar.