Jinin Al'ada da Ninƙaya: Abin da Kimiyya Ta Ce Game da 'Yan Mata Masu Tasowa

Idan hutun dogon zango ya zo, yara da yawa sukan sami damar shiga ruwa. Wasu makarantu kan kai ɗalibansu yawon buɗe ido Yankari ta Jihar Bauchi, inda maɓuɓɓugar Wikki take fitar da ruwa mai ɗumin digiri 31 a ma'aunin Salshiyos, rani da damina. Wasu iyalai kan sauka a masaukin baƙi mai tafkin ninƙaya, wasu yaran kuwa ƙauye ake kai su, inda rafi da kududdufi suke a bayan gari. A cikin ayarin ba a rasa yarinya mai shekara 12 ko 13 wadda ba ta daɗe da fara ganin jinin al'ada ba, sai ga shi ya zo mata ana gobe za a shiga ruwa. Kunya ba ta barin ta yi tambaya. Ko dai ta koma gefe ta ce kanta na ciwo, ko kuma ta shiga ruwan da audugar da ba a yi ta domin haka ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke faruwa a jikin yarinyar, da yadda ruwa yake shafarsa, da kuma inda haɗari na gaskiya yake.

Yadda al'ada take farawa

Wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa shi ne yake ba da umarnin balaga. Yana aika sinadarai ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa, su kuma su saki nasu sinadaran, wato istirojin da furojestaron. Waɗannan su ke sa bangon cikin mahaifa ya yi kauri, ya cika da ƙananan jijiyoyin jini, domin shirin karɓar ciki. Idan ciki bai shiga ba, sai sinadaran su ragu, shimfiɗar da aka yi ta saɓule, ta fita ta bakin mahaifa. Abin da ake kira jinin al'ada ko haila ke nan: jini ne haɗe da majina da ɓurɓushin bangon mahaifa. Ba dafi ba ne, ba kuma alamar cuta ba ce.

Yawancin 'yan mata sukan fara al'ada tsakanin shekara 10 zuwa 15, galibi kimanin shekara biyu bayan fara ƙirgar dangi. A shekarun farko ba kowane wata ne ƙwai yake fita ba, domin saƙonnin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'ajiyar ƙwai ba su gama daidaita ba. Saboda haka tazarar da ke tsakanin al'ada da al'ada takan kama daga kwana 21 zuwa 45, jinin kuma ya ɗauki kwana 2 zuwa 7. Wannan shi ya sa lissafin kalanda ba ya cika yi wa yarinya sabuwar farawa aiki. Uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan tafiya ya kamata ta ɗauka cewa jinin zai iya zuwa kowace rana, ko da lissafi ya nuna da saura.

Shin ruwa yana tsayar da jini?

Mata da yawa sun lura cewa idan suna cikin ruwa kamar jinin ya ɗauke. Dalilin yana cikin darasin fiziks. Ruwa yana danna duk abin da ke cikinsa, kuma dannawar tana ƙaruwa da zurfi: kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara nauyin da ya yi daidai da na iskar da ke kanmu, wato a zurfin mita 1 ƙarin ya kai kashi ɗaya cikin goma. Wannan 'yar dannawa tana iya rage fitar jinin na ɗan lokaci. Amma mahaifa ba ta daina aikinta ba. Tari, ko atishawa, ko dariya mai ƙarfi suna matsa ciki har jini ya fito, kuma da zarar yarinya ta hau tudu jinin zai ci gaba da zuba kamar da. Don haka ba a dogara da ruwa a matsayin kariya.

Sai batun ƙazantar da tafki. Jinin da mace take zubarwa a al'ada ɗaya, a matsakaici, mililita 30 zuwa 40 ne, wato cokalin cin abinci biyu zuwa uku. Idan aka raba mililita 40 a kan kwana 5, watau awa 120, za a ga abin da ke fita a awa ɗaya kimanin kashi ɗaya cikin uku na mililita ne, ko da yake kwana biyun farko sun fi haka yawa. Tafkin ninƙaya mai tsawon mita 25, faɗin mita 10, zurfin mita 1.5, yana ɗauke da lita 375,000, kuma ana zuba masa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Ɗalibi zai iya auna waɗannan lambobi biyu da kansa. Duk da haka, tsabta da mutunta jama'a sun wajabta a yi amfani da kariyar da ta dace kafin shiga ruwan da ake tarayya a kansa.

Akwai kuma maganar da aka gada cewa ruwan sanyi yana daskarar da jini a mahaifa, ko ya jawo ciwon sanyi. Jiki yana riƙe zafin cikinsa a wajen digiri 37, kuma wanka ko iyo na ɗan lokaci ba ya sanyaya mahaifa. Ƙaiƙayi da fitar farin ruwa da ake kira ciwon sanyi, ƙwayoyin cuta ne ke haddasa su. Abin da ya dace dai shi ne kada a daɗe zaune da jiƙaƙƙen kaya, domin laima tana sa fata ta yi kumburi da ƙaiƙayi.

Kayan kariya a cikin ruwa

Audugar mata da ake mannawa a kamfai, da ƙunzugun tsumma, an yi su ne domin tudu. Aikinsu shan ruwa ne, kuma ba su bambanta jini da ruwan tafki. Cikin 'yan daƙiƙoƙi sukan cika, su kumbura, su yi nauyi, gam ɗin audugar ya saki. Daga nan ba sauran wurin da jini zai shiga.

Kariyar da ke aiki a ruwa iri uku ce. Ta farko ita ce tamfon, wato dunƙulen auduga mai zare da ake sakawa cikin farji ya tsotse jinin tun bai fito ba. Wani likita Ba'amurke, Earle Haas, shi ya yi rajistar irin mai bututun sakawa a farkon shekarun 1930, aka fara sayar da shi da sunan Tampax a 1936. Yarinya sabuwar farawa mafi ƙanƙanta ya dace da ita. Tana saka sabo kafin shiga ruwa, ta cire shi da ta fito domin ya sha ruwan tafki, kuma ba a barin guda ɗaya ya wuce awa 8. Ta biyu ita ce kofin al'ada, ɗan ƙoƙo mai laushi na roba ko silikon wanda yake tara jinin, a zubar a wanke a mayar. Leona Chalmers ta yi rajistar nata a Amurka a 1937, kuma wani babban nazari da mujallar The Lancet Public Health ta buga a 2019 ya nuna cewa bai fi auduga yawan yoyo ba, kuma amfani da shi ba shi da haɗari ga galibin mata. Sai dai yana buƙatar koyo da ruwa mai tsabta na wankewa. Ta uku ita ce kayan ninƙaya na musamman masu ninki na shan jini da wani ninkin mai hana yoyo. Ba a saka komai cikin jiki, amma sun fi dacewa da ranakun da jini ya yi ƙaranci.

Iyaye da yawa a ƙasar Hausa ba su amince budurwa ta saka wani abu cikin jikinta ba, saboda tantanin budurci. A ilimin halittar jiki, wannan tantani yana da kafa tun asali, ta nan ne ma jinin al'ada yake fita, kuma siffarsa da laushinsa sun bambanta daga mace zuwa mace. Tamfon yana iya buɗa shi kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa duba tantanin ba ya nuna ko mace ta taɓa sanin namiji. Da wannan bayani a hannu, shawara ta rage tsakanin yarinya da mahaifiyarta. Wadda ba ta so, ko take jin tsoro, kada a tilasta mata, kada kuma ranar koyo ta zama a banɗakin bakin ruwa ana ƙwanƙwasa mata ƙofa. Haƙura da iyo na kwana biyu ko uku har jinin ya ja baya hanya ce mai kyau, kuma ba ta da wani lahani.

Ƙwayoyin jinkirta al'ada, irin waɗanda wasu mata kan sha lokacin aikin Hajji, likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su. Ana fara su ne kwana 3 kafin ranar da ake sa ran jini, ranar da yarinya sabuwar farawa ba ta iya sani.

Cutar da ya kamata mai amfani da tamfon ta sani

A 1978 likitan yara James Todd da abokan aikinsa a birnin Denba na Amurka suka bayyana wata cuta da dafin ƙwayar Staphylococcus aureus ke haddasawa. A 1980 aka gano alaƙarta da wani irin tamfon mai tsananin shan ruwa, aka janye shi daga kasuwa a watan Satumba na shekarar. Cutar ba ta da yawa, amma tana kisa cikin gaggawa. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri, da jan fata mai kama da ƙuna. Duk yarinyar da ta ga haka tana sanye da tamfon ko kofi, ta cire shi nan take, a kai ta asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ta yi amfani da shi.

Jinin da ba na al'ada ba

Ga yaran Nijeriya da Nijar, babban haɗarin iyo yana cikin ruwan ne kansa. Cutar tsargiya wata tsutsa ce ke kawo ta, Schistosoma haematobium, wadda Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. 'Ya'yan tsutsar suna girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwan daɗi, su fito cikin ruwa, su huda fatar mai wanka ko mai wanki. Kududdufai, madatsun ruwa da magudanan noman rani su ne matattararta. Ruwan teku da tafkin da ake kula da kulorin ɗinsa ba su yaɗa ta.

A jikin yaro namiji an san alamarta, wato jini a ƙarshen fitsari. A jikin yarinya kuwa ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a mafitsara, da bakin mahaifa, da farji, su jawo ɗigon jini, ƙaiƙayi da ciwon mara. An ƙiyasta cewa mata da 'yan mata kimanin miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i a Afirka kudu da Sahara, kuma idan aka bar shi yana iya kai wa ga rashin haihuwa. Yarinya mai shekara 11 ko 12 tana iya ɗaukar jinin tsargiya a matsayin farkon al'ada, uwa ma ta ɗauka haka, a yi shiru cutar na ci. Jinin da ke fita tare da fitsari, ko ɗigon da ke zuwa ba tsari ga yarinyar da ta saba shiga rafi, dalili ne na gwaji a asibiti. Maganin shi ne firazikwantel, wanda ake rabawa a makarantu a yankunan da cutar ta yi yawa.

Ciwon mara da alamun zuwa asibiti

Ciwon mara yana faruwa ne saboda sinadarin furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa domin fitar da jini. Motsa jiki, har da iyo, yana sauƙaƙa shi ga mata da yawa, haka ma ɗumama mara da tsumma mai ɗumi. Ibufurofen yana rage sinadarin, ana shan sa bayan an ci abinci bisa umarnin ma'aikacin lafiya, farasitamol ma yana taimakawa. Ba a ba yaran da ba su kai shekara 16 ba asfirin. Tun da jini yana tafiya da sinadarin ƙarfe, hanta, nama, wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo suna da amfani, musamman idan an haɗa da lemo, an kuma nisanta shayi daga lokacin cin abinci.

A kai yarinya asibiti idan jini ya wuce kwana 7, ko auduga tana cika duk awa ɗaya ko biyu, ko aka yi kwana 90 ba a ga al'ada ba bayan ta fara, ko ciwo ya hana ta zuwa aji, ko kuma ta cika shekara 15 ba ta fara ba.

Nauyin da ke kan malamai da iyaye

Kafin kowace tafiyar makaranta, ya kamata a sanar da ɗalibai mata sunan malamar da za su je wurinta, ita kuma ta riƙe auduga, kamfai, zane mai duhu, sabulu da ledar zubar da shara. Yarinyar da ta ce yau ba za ta shiga ruwa ba, kada a tsare ta da tambaya a gaban abokanta. Idan jini ya ɓata mata kaya, a rufa mata zane, a wanke wurin da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana dafa furotin ɗin jini ya kama zare. Malamin da zai zaɓi wurin iyo kuma ya fara tambayar ma'aikatan lafiya na yankin ko ana samun tsargiya a ruwan. Bayanin da ya fi amfani shi ne wanda yarinya ta ji a gida ko a aji tun kafin ta ga ɗigon farko.