Sana'ar Wasan Kwaikwayo da Makomarta a Ƙasar Kazaure da Kewaye

A shekarun da na yi ina koyarwa a ƙasar Kazaure, ni ne mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu. Tambayar da iyaye suka fi yi mini ita ce: "Malam, shin wannan abu sana'a ce da za ta riƙe mutum, ko kuwa shiririta ce?" Amsar wannan tambaya nake son in bayar a nan.

Da farko dai, kwaikwayo ba baƙo ba ne a wurinmu. Daga goma ga watan azumi yara a Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura kan fita tashe, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya yi shigar malami. Haka nan a bikin kalankuwa bayan kaka, samari kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Sai dai a wancan lokaci ba wanda ya ɗauki abin a matsayin hanyar cin abinci.

Gidajen rediyo da talabijin ne suka fara mayar da shi aiki, inda irin su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka yi fice. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan harkar ta bunƙasa, har gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Duk da cewa an cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991, matasanmu masu wannan sha'awa Kano suka ci gaba da nufa, domin a can furodusoshi da dilolin kaset na Ƙofar Wambai suke.

To, yaya ɗan wasa yake samun kuɗi? Ba shi da albashi, ba shi da fansho. Furodusa ne yake sallamarsa a kan kowane aiki, kuma sallamar sabon shiga ba ta taka kara ta karya ba. Da satar fasaha da tura fina-finai a waya suka kashe kasuwar faifai, da yawa sun rasa abin yi. Daga bisani tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Wasu kuma, kamar Izzar So, a YouTube suka yi suna, inda kuɗin talla yake bin yawan masu kallo. Ke nan a yau yaron Gwiwa yana iya nuna basirarsa da wayar hannu ba tare da ya tare a Kano ba, amma sai jama'a sun kalla kafin ya ga ko sisi.

Bisa ga haka, shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce kada mu kashe wa yaro gwiwa, kada kuma mu ruɗe shi. Ana karanta wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, kuma a 2024 an naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Amma waɗanda suka kai wannan matsayi 'yan ƙalilan ne. Samanja tsohon soja ne, marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa ya yi aikin gandiroba kafin ya shahara. Saboda haka duk ɗalibin da ya zo mini da wannan buri, nakan ce masa ya gama karatunsa, ya koyi rubuta labari ko ɗaukar hoto ko tace shi, sannan ya riƙe gonarsa ko wata sana'ar hannu. Ga iyaye kuma, su san ƙungiyar da ɗansu ya shiga da wanda yake jagorantarta, musamman idan 'ya mace ce, domin mutunci ya fi suna daɗewa.