Kalori nawa ne a ƙwaryar fura? Abin da waya ba ta iya aunawa a Kurfai

Duk mai babbar waya a Filinge, cikin ƙasar Kurfai, yau yana iya sauke manhaja irin MyFitnessPal, ya rubuta abin da ya ci tun safe, ta jera masa lissafi: kalori kaza, furotin giram kaza, sitaci kaza, maiƙo kaza. Ma'aikacin da likita ya ce ya rage ƙiba, da mai ciwon suga, da saurayin da ke ɗaga ƙarfe, kowa na iya ganin adadin a rubuce tsaf ya ɗauka an auna ne. Alhali waya ba ta ga ƙwaryar ba, ba ta ɗanɗana miyar ba. Lissafi kawai ta yi da abin da aka ba ta.

Tushen lissafin ya girmi waya nesa ba kusa ba. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin sinadarai a Amurka, Wilbur Atwater, ya fitar da ƙa'idar da ake bi har yau: giram ɗaya na furotin kalori 4 ne, na sitaci ko sukari 4, na mai 9. Ƙa'idar tsaka-tsaki ce, domin hanji ba ya tatse duk abin da aka haɗiye. A 2012 masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka sun gano cewa jiki na samun kalori 129 ne daga giram 28 na ƙwayar almon, maimakon kusan 170 da ƙa'idar ta nuna. Ita kanta dokar Amurka ta yarda adadin da ke jikin leda ya kauce wa gaskiya da kashi 20 cikin ɗari.

Sai batun jadawalin da manhajar ke leƙawa. Akasarinsu an gina su ne kan abincin Amurka da Turai, kuma a wasu manhajojin masu amfani da su ne ke shigar da abinci da hannunsu, shi ya sa za ka tarar da abinci ɗaya da adadi iri-iri. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta wallafa jadawalin abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sake faɗaɗa shi a bugun 2019 mai abinci sama da dubu. Aiki ne mai daraja, amma shi ma matsakaicin adadi yake bayarwa, kuma ba kowace manhaja ke aiki da shi ba.

Mu dubi fura, wadda a ƙasar Kurfai abinci ce ta yini, a gida da gona. Ɗanyen hatsi na da kalori wajen 360 a giram 100. Kafin ya zama fura sai an surfe shi an fitar da dusa, an wanke, an daka, an cura, an dafa, an kirɓa. Daga nan kowace mai damu da hannunta. Wata ta dama dawo biyu da kindirmo mai kauri na shanun Azawak irin waɗanda ake kiwo a Tukunus, ta watsa sukari. Wata kuma, a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dawo ɗaya za ta dama da tsala, ta yi ta ƙara ruwa har ya ishi yaran gida. Ƙwarya ɗaya ce a ido, sunan ɗaya ne a waya, amma ta farko tana iya ninka ta biyu a ƙarfi.

Haka ruwa ke rikita lissafin shinkafa: ɗanya kusan kalori 360 ce a giram 100, dafaffa kuwa wajen 130. Wanda ya zaɓi ɗanya a manhaja alhali dafaffa ya auna, ya kusa ninka abincinsa sau uku a rubuce. Mai kuma yakan ɓuya ne gaba ɗaya. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne ko fiye, kuma wa ke ƙidaya cokulan da aka kwarara a dambun zogale ko a shinkafa da wake? Ga shayi, wanda ake zagayawa da shi sau uku, kowace ƙwayar sukari wajen kalori 20.

Babbar matsalar ita ce yadda muke ci. An tsara manhajar don mutum ɗaya da farantinsa. Mu kuwa mutum huɗu ko biyar ke zagaye kwano guda, kowa da girman lomarsa, babba ya tsame hannu don ƙanensa ya ƙoshi. Babu wanda zai iya cewa giram nawa na tuwo ya shiga cikinsa.

Akwai inda adadi ke zama daidai, kuma iyaye mata a Nijar sun san shi. Ledar Plumpy'Nut da ake ba yara masu tamowa giram 92 ce, kalori 500, domin a masana'anta ake auna gyaɗa da madara da mai da sukari kafin a haɗa. Duk da haka ma'aikacin lafiya ba ya tsayawa a kan abin da ke jikin leda. Sai ya ɗora yaro a sikeli, ya zagaya damtsensa da zaren awo, domin jiki ne shaidar ƙarshe.

Wannan ba ya nufin a jefar da manhaja. Wanda ke rubuta abincinsa kullum yana gane halinsa: yawan lemun kwalba, yawan soye-soye, ƙarancin wake da ganye. Mai son kusantar gaskiya sai ya faro daga tukunya. Tiyar hatsi kan kai wajen kilo 2.5, wato kusan kalori 9,000 kafin surfe. Hukumomin agaji na lissafa kalori 2,100 ga mutum a rana, don haka tiya ɗaya abincin wajen mutum huɗu ce a yini. A ƙara man da aka saya da sukarin da aka zuba, a raba da yawan masu ci. Wannan lissafin uwar gida ya fi zaɓen "fura" a waya da ka. Mai ciwon suga kuwa kada ya rage ko ya ƙara magani saboda adadin manhaja. Awon jini da shawarar likita ne abin bi.

Sauran aikin yana wuyan masananmu. Cibiyar binciken noma ta INRAN da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna da masu ilimin da za su iya auna fura da tuwo da dambu yadda ake yin su a Filinge da Bankuku da Abala, da ludayi da mara da tiya, a kaka da kuma lokacin da hatsi ya yi tsada. Idan aka yi haka aka saka sakamakon inda kowa zai samu, likita zai ba mara lafiya shawara da ma'aunin da ke cikin ɗakin girkinsa, masu rabon agaji kuma za su san ainihin giɓin da suke cikewa.