Ko Ka Sani? A-kori-kurar da Nauyinta Ke Jinkirta Isarta Hannun Mai Ita

Ko ka san cewa akwai a-kori-kura mai lantarki a Amurka wadda batirinta kaɗai, ba bodi, ba taya, ba kujera, ya haura kilo 1,300? Ita ce GMC Hummer EV ta kamfanin General Motors, kuma motar gaba ɗayanta ta wuce tan 4. A watan Janairun 2023 shugabar hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, Jennifer Homendy, ta ja hankalin jama'a cewa batirin nan ya kai nauyin Honda Civic sukutum. Wato mota ce ke yawo da nauyin wata motar shimfiɗe a ƙarƙashin cikinta. Tun da na ji wannan batu yake burge ni, domin ya bayyana min wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: an ƙera mota, an biya kuɗinta, amma makonni sun shuɗe mai ita bai ɗora hannu a sitiyarinta ba.

Mu ɗauki Rivian, sabon kamfanin da RJ Scaringe ya kafa a 2009. A 2017 ya sayi tsohuwar masana'antar Mitsubishi da ke garin Normal a jihar Illinois, a watan Satumban 2021 kuma a-kori-kurarsa ta farko mai lantarki, R1T, ta fito. Ya riga Ford da Tesla shigo da irin wannan mota kasuwa. Jama'a suka yi ca, kowa na ajiye kafin alƙalami na dala 1,000, har masu jira suka haura 100,000 a ƙarshen 2022. Ga kuma Amazon da tun 2019 ya yi odar motocin rarraba kaya 100,000. A shekarar 2022 Rivian ya ƙera motoci 24,337, amma 20,332 ne suka isa hannun masu su. A 2023 ya ƙera 57,232, ya miƙa 50,122. Dubban motoci ke nan da aka gama haɗawa tsaf, suna tsaye a fili ko suna kan hanya.

Dalilan suna da yawa, amma wanda ya fi jan hankalina shi ne na sikeli. Sabuwar mota ba a tuƙa ta zuwa gidan mai saye, tirela mai hawa biyu ke ɗaukar ta. Dokar tarayyar Amurka ta ce babbar mota da kayanta kada su wuce fam 80,000 a manyan tituna, wato tan 36 da ɗoriya. Kai da bodin tirelar, da ƙarafunan hawa biyun nan, sun cinye kusan rabi tun ba a ɗora komai ba. Idan ƙananan motoci ne irin su Corolla, masu tan ɗaya da ɗan kai, direba zai jera takwas ko tara ya kama hanya hankali kwance. Ita kuwa R1T ta haura tan 3. Yi lissafin da kanka: kana ɗora ta biyar, sikeli ya fara harararka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Getso lokacin kaka ya ga wannan da idonsa. Mota ɗaya ce, amma idan harawa ko ƙaiƙayi aka loda mata, sai a tula har ya yi toroƙo, a ɗaure da igiya, ta tafi sakayau. Idan buhunan masara ne masu kilo ɗari-ɗari, 'yan dako ba su kai ga bakin bodi ba za ka ga yaron mota ya durƙusa yana leƙen ƙasa. Sifirin ya miƙe ya daina lanƙwasa, tayoyin baya sun baje kamar an danne su da gwiwa. Sai ka ji ya ɗago ya ce, "Oga, ta ɗauka fa." Wuri na nan, amma ƙarfin ya ƙare. To batirin Hummer kaɗai buhu 13 ne, R1T guda kuma ta kai buhu 32. Motocin fetur su ne harawar, masu lantarki su ne masarar.

Sakamakon a fili yake. Motocin da tirela biyar za su kwashe a da, yanzu sai takwas ko tara, kowace da direbanta da man dizal ɗinta, a ƙasar da kamfanonin sufuri suka daɗe suna kukan ƙarancin direbobi. Shi ya sa a 2022 ƙungiyar masu manyan motocin Amurka ta roƙi majalisa ta ƙara wa masu dakon motoci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a kan wancan ma'auni. Amma wasu ba su yi na'am ba, domin ƙarin nauyi a kan gatari yana cin kwalta fiye da yadda ido ke zato.

Rivian ya nemi mafita a jirgin ƙasa, ya fara loda motocinsa a taragu a 2022. Kuɗin dako ya sauka, sai dai an gudu ba a tsira ba: tarago sai ya cika, sai an haɗa shi da jirgi, ga sauke-sauke a tashoshi, alhali daga Normal zuwa Kalifoniya, inda masu saye suka fi yawa, tafiyar kilomita 3,000 ce da wani abu. Kamfanin da kansa ya shaida wa masu hannun jari cewa wannan sauyi zai ƙara tazara tsakanin abin da ya ƙera da abin da ya miƙa. Ga shi ba ya sayarwa ta hannun dillalai. Tsofaffin kamfanoni suna da dubban dillalai masu filin ajiya da bakanikai, shi kuwa dubawar ƙarshe da takardu da miƙa makulli duk a wuyansa suke. Ana cikin haka, a watan Oktoban 2022, aka gano wani noti guda a ƙafar gaba, kusa da mahaɗar sitiyari, wanda mai yiwuwa ba a ɗaure shi tamau ba a wasu motocin. Saboda notin nan aka kira motoci fiye da 12,000 a duba su, kusan duk abin da aka taɓa miƙawa. Ɗaurin na 'yan mintuna ne, amma ya ƙara wa bakanikan kamfanin aiki. Tesla ma ya sha wahalar kai motoci a 2018, lokacin da shugabansa Elon Musk ya ce sun fita daga azabar ƙira sun faɗa azabar kai kaya, har suka shiga ƙera tirelolin dakon motoci da kansu.

Amma kada a ɗauka nauyi kullum abokin gaba ne. A wata mahaƙar duwatsu ta kamfanin siminti na Vigier a ƙasar Suwizalan akwai wata gingimari mai lantarki da ake kira eDumper. Tana hawa tudu fayau, a loda mata duwatsu tan 60 da ɗoriya, ta gangaro. Birkinta ba ya ɓarnar ƙarfin a zafi, injin ne ke juyewa ya zama janareta, nauyin kayan na tura wuta cikin batir. Kafin ta iso ƙasa ta maido da babban kaso na cajin da ta ƙona wajen hawa. Abin da ke wahalar da tirela a titi shi ke ciyar da wannan a kan dutse, Allah mai iko!

Mu ma wannan zance yana tafe gare mu. An haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, a 2021 kuma hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya ƙera bas-bas masu batir. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk mai a-kori-kurar da ke jigilar hatsi a titin Kano zuwa Gwarzo da Dayi, ko hanyar Janguza zuwa Kabo da Ƙaraye, ya san rabin ribarsa a gidan mai take ƙarewa. Motar da rana za ta caja abin so ce a ƙasar da rana ba ta yi mana rowa ba.

Don haka ranar da mai talla ya zo da hoton sabuwar mota yana neman kafin alƙalami, kada a tsaya a tambayar kilomita nawa take yi da caji ɗaya. A tambaye shi nauyinta fayau, da buhu nawa ya rage mata ta ɗauka bayan batir. A tambayi wace tirela za ta taho da ita daga tashar ruwan Legas, tafiyar kilomita 1,000, da wane bakanike aka koya wa taɓa ta a Gwarzo ko Kabo. Wanda ya amsa waɗannan ba inda-inda, shi ya cancanci kuɗin manomi.